GAWA A KAN IYAKAR FAGGE DA SABON GARI

Jawabin da wani tsohon ɗalibi ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu

 



Kwamitin shirya wannan taro ya umarce ni da in yi magana a kan karatun littattafai, amma bai ɗaure ni da kowane iri ba. Saboda haka na zaɓi irin littattafan da aka fi ƙwace mana a aji, wato labaran kisan kai da bin sawun mai laifi. Allah ya gafarta malamai, yau sai ku yi haƙuri, littafin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin benci shi ne ya hau kan tebur.

Duk wanda ya yi sakandare a zamaninmu ya san James Hadley Chase. Littafi ɗaya sai ya zaga ɗakin kwana gaba ɗaya, bango ya cire, shafin ƙarshe ya ɓace, har sai an nemo wanda ya riga ya karanta ya faɗi yadda aka ƙare. Bayansa kuma ga jerin Pacesetters da kamfanin Macmillan ya fara fitarwa a 1977, wanda a cikinsa ne Mohammed Sule ya fito da The Undesirable Element. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba a lokacin shi ne, Chase ɗin nan mutumin Ingila ne, kuma Amurkar da yake ba mu labarinta bai zauna cikinta ba. Da taswira da ƙamus na karin maganar Amurkawa ya gina garuruwansa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

A cikin labaran bin sawun mai laifi akwai wani reshe da ya fi sauran nauyi, shi ne wanda ake kafa labarin a wani ɗan ƙaramin gari da doka ko al'ada ta raba mutanensa gida biyu saboda launin fata. Wanda ya fi shahara shi ne In the Heat of the Night, na John Ball, wanda ya fito a 1965. A wani ƙaramin gari mai suna Wells a kudancin Amurka, cikin tsananin zafin dare, aka tsinci gawar wani Bature a kan titi. Ɗan sanda ya zaga tashar jirgin ƙasa, ya ga wani baƙin mutum baƙo yana jiran jirgi da kuɗi a aljihunsa. Bai tambaye shi komai ba, ya tasa ƙeyarsa zuwa caji ofis. Ashe mutumin, Virgil Tibbs, ƙwararren ɗan si'aidi ne daga Kalifoniya, wanda binciken kisa shi ne sana'arsa, ya kuwa fi duk 'yan sandan garin sanin aikin. Haka dole ta sa shugaban 'yan sandan garin ya nemi taimakon mutumin da ba zai yarda su ci abinci a faranti ɗaya ba. A 1967 aka mai da littafin fim, Sidney Poitier ya fito a matsayin Tibbs, fim ɗin ya ci lambar Oscar har guda 5. Daɗin daɗawa, yawancin fim ɗin a arewacin Amurka aka ɗauke shi, domin Poitier bai amince da tsaron ransa a kudu ba. Wato abin da labarin yake faɗa bai wuce ba a ranar da ake ɗaukarsa.

Kafin wannan akwai Intruder in the Dust, na William Faulkner, a 1948. Nan kuma wani dattijo baƙar fata ne mai suna Lucas Beauchamp aka samu tsaye a kan gawar wani Bature da bindiga a jikinsa. Gari ya taru a bakin gidan yari ana jiran dare ya yi a fito da shi a ƙone. Yara biyu, ɗaya fari ɗaya baƙi, da wata tsohuwa, su ne suka yi ƙarfin halin zuwa maƙabarta su tone kabari domin a duba irin harsashin da ya yi kisan. Da gaskiya ta fito, sai ga shi wanda ya kashe mamacin ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. A Afirka ta Kudu ma James McClure ya yi irin wannan a 1971 da The Steam Pig, inda ya haɗa Laftanar Kramer, farar fata, da Saje Zondi, Bazule. A gaban jama'a Zondi yaron gida ne mai amsa "to, maigida", amma in sun shiga mota su biyu abokan shawara ne, kuma sau da yawa shi ne yake jin abin da Kramer ba zai taɓa ji ba, domin masu aikin gida da masu shara da shi suke magana. Matar da aka kashe a labarin, da wayar ƙafar keke da aka wasa, kowa ya ɗauka Baturiya ce. Sirrinta shi ne a takardun gwamnati danginta ba farare ba ne, a ƙarƙashin dokar 1950 da ta yi wa kowane ɗan ƙasa rajistar launi.

Kada wani ya ɗauka marubutan nan sun yi ƙari. A 1955 aka kashe wani yaro baƙar fata ɗan shekara 14, Emmett Till, a jihar Misisipi. Mutum 12 da aka zaɓa su saurari shari'ar, dukansu farare, suka wanke waɗanda ake tuhuma cikin kimanin awa ɗaya. Bayan 'yan watanni mutanen suka sayar wa wata mujalla labarin yadda suka yi kisan, domin sun san doka ba ta bari a sake gurfanar da su.

To, jama'a, me ya bambanta waɗannan da littattafan Chase? A wurin Chase wahalar mai bincike ita ce ba a san wanda ya yi kisa ba. A waɗannan kuwa wahalarsa ita ce kowa a garin ya riga ya "sani". Tun gawa ba ta huce ba an yanke hukunci, an kuma yanke shi ne da duban unguwar da mutum ya fito. Aikin mai bincike na farko shi ne ya ƙwaci mutum ɗaya daga hannun taro, ya ce a dakata. Sai na biyu, ya tsallaka iyaka, ya shiga gidajen da irinsa ba sa shiga, ya yi tambaya a inda ba a saba ba shi amsa ba. Mai karatu kuma yana biye da shi, yana ganin kicin da bayan gida na mutanen da a da daga nesa kawai yake hango su. Kusan kullum abin da ake tonowa a ƙarshe shi ne, iyakar da ake rantsuwa da ita da rana, da dare ana ƙetare ta: akwai bashi a tsakani, akwai ciniki, akwai soyayya, wani lokaci har da 'ya'ya.

Yanzu bari mu dawo gida, domin ba don Amurka na tsaya a gabanku ba. Wanda duk ya tashi a Kano ya san gari mai iyaka a cikinsa, ko da ba a taɓa gaya masa da wannan suna ba.

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911. Jirgin nan ya zo da mutanen da mulkin Turawa ba zai tafi ba sai da su: akawuna, ma'aikatan reluwe da gidan waya, masu gyaran inji, 'yan kamfani, daga Ikko da ƙasar Yarabawa, daga Saliyo da Gwalkwas, daga baya kuma Ibo masu yawa. A wajen 1913 aka yanka musu fili a bayan ganuwa, aka ja tituna a miƙe kamar layin littafin lissafi, aka kira wurin Sabon Gari. Turawa suka keɓe kansu a Nasarawa da Bompai. Kwarori, wato mutanen Lebanon da Siriya, aka ba su nasu wurin a kudancin Fagge, inda Kantin Kwari yake a yau. 'Yan Arewa waɗanda ba Kanawa ba aka nufe su da Tudun Wada da Gwagwarwa. Fagge kuwa ta girme su duka, domin tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa zango ce ta fatake da Buzaye masu raƙuma, ga ta a bakin birni amma ba a cikinsa ba. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ita ta ɗaure wannan tsari da igiyar doka. A ƙa'idarsu, tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata sai an bar fili na yadi 440 babu gini, wai don kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga jikinmu ya kai musu. Allah ya kyauta, kamar sauro yana tafiya da ma'auni.

A nan sai mu yi adalci, kada mu jibga wa Bature kayan duka. Sarakunanmu ma ba su so a kawo giya da coci da mutanen da ba sa bin hukuncin alƙali cikin birni ba, Turawa kuma sun yi alkawarin ba za su taɓa addini ba, ga shi kuma ba sa son ɗan Arewa ya zauna kusa da akawun Ikko mai karanta jarida ya koyi gardama. Buƙata biyu ce ta haɗu. Haka kuma Kano ba Misisipi ba ce. Launin fata ya yi aiki a sama, tsakanin Bature da Kwara da baƙin mutum, amma tsakanin birni da Sabon Gari ba wanda ya taɓa zama bawan wani. Rainin ma ta kowane ɓangare yake tafiya. Na birni yana ganin na Sabon Gari baƙo ne marar kunya da ya zo cin arziki, na Sabon Gari yana ganin na birni bai yi boko ba. Ɗaya yana da sarauta da ƙasa, ɗaya yana da takarda da albashi. Ga marubuci wannan ya fi na Amurka daɗin aiki, domin ba a san wa ke sama ba sai an ga a wane ofis ake, ko a wace kasuwa.

Wani zai ce ai Kano ba ƙaramin gari ba ce. Gaskiya ne. Amma Fagge ita kaɗai ƙaramin gari ce, haka Sabon Gari. A kowace ɗaya an san ɗan gidan wane, an san wanda ya kwana a waje, an san baƙon fuska tun daga bakin layi. Ku dubi sunayen titunan kawai: Yoruba Road, Ibo Road, Gold Coast, Freetown, Abeokuta, Enugu, Warri, Aba, Court Road, Church Road, New Road. Taswirar Afirka ta Yamma ce aka naɗe a wuri ɗaya. France Road ma da muke bi kullum ba ƙasar Faransa ake nufi ba, sunan wani mutum ne da ya shugabanci mutanen Sabon Gari a zamanin Turawa. Gaba kaɗan kuma ga unguwar da har yau ake kira Nomansland, wato ƙasar da ba ta kowa ba. Marubucin Amurka da zai sami suna irin wannan kyauta, da ya yi sadaka.

Inda abin ya fi armashi shi ne wajen shari'a, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. A gari ɗaya akwai 'yan sanda iri biyu. Akwai 'yan doka na En'e, waɗanda suke ƙarƙashin Sarki, akwai kuma 'yan sandan Nijeriya da suke ƙarƙashin Bature. Kotuna ma haka: kotun alƙali da majalisar Sarki suna hukunci da fiƙihun Malikiyya, kotun majistare tana bin dokar laifuffuka ta Turawa, Sabon Gari kuma aka yi mata wata kotu ta gamin gambiza, inda wakilan ƙabilu suke zama tare. Har zuwa 1940 Sabon Gari tana hannun Baturen da ake kira Joji ne, a shekarar ce aka mai da ita ƙarƙashin En'e ta Kano. Wannan bambanci ba na riga da hula ba ne kawai, yana iya zama bambancin rai da mutuwa. A fiƙihu, idan akwai alama mai ƙarfi a kan wanda ake zargi amma shaidu ba su cika ba, dangin mamaci maza suna iya yin rantsuwa 50, wadda ake kira ƙasama, kuma su ne suke da zaɓin ƙisasi ko diyya ko yafewa. A dokar Turawa ba ruwan dangi, gwamnati ce mai ƙara. A wajen Turawa wanda aka tsokana ya yi kisa cikin fushi ba a rataye shi, a wajen alƙali kuwa kisan ganganci sunansa kisan ganganci. A kan haka ne a 1947 kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mutum mai suna Tsofo Gubba, abin da ya tayar da ƙura a duk Arewa. Ba a sami doka ɗaya ta laifuffuka ba sai da aka kawo Final Kod, wadda aka yi koyi da ta Sudan, ta fara aiki a 1960. 'Yan doka kuwa sai bayan da soja suka karɓi mulki aka narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya.

To, ku ƙaddara da ni. A ce wata safiya ta hunturu, a wajen 1938, masu zuwa kasuwa su tsinci gawa a filin da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari. Riga irin ta Hausawa ce a jikinsa, amma a aljihu akwai takardar albashi ta reluwe. Tambayar farko ba wa ya kashe shi ba ce. Tambayar farko ita ce gawar wa ce, ta En'e ko ta Joji? Idan ƙafafunsa suna ɓangaren Fagge, kansa yana ɓangaren Sabon Gari fa? Ɗan doka ya zo, ya san kowane zaure a Fagge, ya san mai unguwa, ya san dillalai da 'yan koli, amma ba ya jin Turanci, balle ya karanta takardar da ke aljihun. Kurtun ɗan sanda ya zo, mutumin Onica ko Abekuta, yana karatu yana rubutu, amma ba zauren da za a shimfiɗa masa tabarma, kuma har abada ba zai ga matar gidan da ta san gaskiya ba, domin tana cikin kulle. Kowannensu rabin mai bincike ne. Dole su haɗu, alhali shugabanninsu ba sa so, jama'arsu ma ba sa so. Kafin azahar an fara cewa a Fagge "sun kashe mana mutum", a Sabon Gari kuma ana rufe shaguna. Ga Kramer da Zondi namu na gida, ba mu ara daga kowa ba. Ni da zan rubuta shi, tsohuwa mai kai tallan goro da turare cikin gidajen kulle zan ba mabuɗin sirrin, domin ita kaɗai ce take shiga ko'ina ba a tambaye ta.

Kuma abin da za su tono ba zai zama ƙarya ba, domin iyakar nan ba ta taɓa toshewa ba. Tun farkon kafa Sabon Gari akwai Hausawa da Nufawa a cikinta, akwai Yarabawa Musulmi da masallatansu. 'Yan birni suna fitowa kallon fim a Rex, wadda aka buɗe a 1937, tun kafin a gina Palace a cikin gari. Gobarar silima ta El Duniya a 1951, wadda ta ci mutum 331, ba ta tambayi kowa unguwarsu ba. Jam'iyyar NEPU, wadda ta girgiza sarautar Arewa, a Sabon Gari aka kafa ta ranar 8 ga Agusta 1950, kuma cikin mutum 8 da suka kafa ta akwai Bello Ijumu, Bayaraben ƙasar Kabba. Mai gyaɗa na birni da akawun kanti na Sabon Gari sun san sirrin aljihun juna fiye da yadda matansu suka sani.

Me marubutanmu suka yi da wannan dukiya? Ba za a ce Hausa ba ta da labarin laifi ba. A 1982 aka buga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, a kan Mailoma da rundunarsa ta 'yan ta'adda bayan yaƙin basasa. Daga baya littattafan kasuwar Kano suka cika gari. Amma ku tuna yadda Sabon Gari take fitowa a yawancinsu, da finafinanmu ma. Wuri ne da yaron kirki yake zuwa ya lalace. Da an ce "an gan shi a Sabon Gari", an gama magana: giya, karuwai, caca. Ba a ganin uwa mai tashi da asuba ta dafa wa 'ya'yanta abincin makaranta, ba a ganin tela, ba a ganin malamin lissafi, alhali da yawa daga cikinmu a nan malaman da suka koya mana lissafi da kimiyya daga can suke tahowa a kan keke kowace safiya. Masu rubutu da Turanci kuma ta wata ƙofa suke shigowa. Chimamanda Adichie, a Half of a Yellow Sun na 2006, ta kawo Sabon Gari ne domin kisan 1966. E. E. Sule, a Sterile Sky na 2012, ya ba da labarin ɗan wani ɗan sanda da ya tashi a Kano cikin tarzoma. Littattafai ne masu kyau, ina kuma ba ku shawara ku karanta su ko da za su ɓata muku rai. Sai dai a ɗaya hannun Sabon Gari mashaya ce, a ɗaya hannun mahauta. Garin da mutane suke kwana suke tashi a cikinsa yana nan yana jiran mai rubuta shi.

'Yan'uwa, ba don nishaɗi kawai na ɗauko wannan zance ba. Mu a Kano mun saba ƙirga gawa da lissafi. A watan Mayu na 1953, bayan an yi wa wakilan Arewa ihu a Ikko saboda sun ƙi goyon bayan neman mulkin kai a 1956, tawagar Akintola ta zo Kano, faɗa ya ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari har kwana 4. Rahoton gwamnati ya ce mutum 36 sun mutu, 241 sun ji rauni, har sai da aka ja waya mai ƙaya a tsakanin unguwannin biyu. Abin mamaki, rigimar ta jam'iyyar Yarabawa ce, amma Hausawa da Ibo ne suka fi kashe juna. A 1966 aka kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa, Kano tana cikin inda abin ya fi muni, har a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa. Wannan abu ya faru, kuma rashin faɗarsa ba ya goge shi. A Oktoban 1991 aka sake yi saboda zuwan mai wa'azin Kirista Reinhard Bonnke. A 1995 faɗan mutum biyu a kasuwar Sabon Gari ya zama faɗan gari. A 2004 aka kashe Musulmi a Yelwan Shandam ta jihar Filato, aka zo Kano aka rama a kan mutanen da ba su taɓa taka Yelwa ba. A Maris na 2013 bam ya tashi a tashar motoci ta New Road. A duk waɗannan, mutum nawa ne za mu iya faɗin sunansu cikin waɗanda suka mutu? Mutum nawa ne aka tsayar a gaban alƙali aka ce kai, wane ɗan wane, kai ka kashe wane, ga shaida?

Akwai guda ɗaya da ta fi kama da littafin Faulkner, har tsikar jiki takan tashi. A Disambar 1994 aka zargi wani ɗan kasuwa Ibo da wulaƙanta Alƙur'ani. Hukuma ta tsare shi. Kafin shari'a ta yi aikinta, wasu suka shiga inda ake tsare da shi suka kashe shi, suka zaga gari da kansa. Ba wanda ke cikin wannan ɗaki da zai yarda a wulaƙanta Littafin Allah. Amma malamanmu na addini, ga wasunsu nan zaune, su suka koya mana cewa zargi ba hujja ba ne, hukunci na alƙali ne, kuma ba a kama wani da laifin wani. A littafin Faulkner an sami tsohuwa da yara biyu da suka ce a dakata a duba. A Kano a ranar nan ba a dakata ba.

Tarzoma tana cewa "su" ne suka yi, a je a ƙone musu. Labarin bin sawu kuwa taurin kai gare shi: gawa ɗaya ce, tana da suna, tana da uwa, wanda ya kashe ta ma mutum ɗaya ne mai suna, kuma sai an bi shafi 200 ana tambaya ana auna amsa kafin a nuna shi da yatsa. Yaron da ya karanta irin wannan guda 20 ya saba da cewa wanda aka fara zargi yawanci ba shi ba ne. Ba na cewa littafi zai hana tarzoma, yunwa da rashin aikin yi da 'yan siyasa sun fi littafi ƙarfi. Amma ranar da aka zo layinsu ana ihun "sun kashe mana mutum", ina sa ran irin wannan yaro ya fi saurin tambayar wa ya gani, a ina, da ƙarfe nawa. A cikin kowace tarzomar da na lissafa an sami Hausawan da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a cikin ɗakunan matansu, an sami Kiristocin da suka ɓoye Musulmi a Sabon Gari. Waɗannan su ne jaruman da littafin yake buƙata, kuma suna nan da ransu a cikin garin nan.

Na ce zan dawo kan Chase. Shi da taswira ya rubuta ƙasar da ke bayan teku, muka karanta har muka haddace sunayen titunanta. Mu kuwa daga Ƙofar Mata zuwa France Road tafiyar ƙafa ce, yau ma Fagge da Sabon Gari ƙaramar hukuma ɗaya ce. A cikin wannan ƙungiya akwai alƙalai, akwai lauyoyi, akwai waɗanda suka yi ritaya daga aikin ɗan sanda da manyan muƙamai, akwai likitocin da suka sha duba gawa, akwai 'yan jarida. Kowannenku yana riƙe da wani yanki na labarin. Wanda ya yi niyya, takardun Razdan da na En'e ta Kano suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, akwai kuma Gidan Arewa a can, a nan gida ga Gidan Ɗan Hausa da Gidan Mambayya. Sai dai takarda ba za ta gaya masa yadda ake gaisawa a Court Road a 1950 ba, ko abin da ake sayarwa a bakin Plaza bayan an tashi daga fim. Wannan sai wurin tsofaffi, na Fagge da na Sabon Gari, waɗanda aka haifa a can, suke jin Hausa kamar ni da ku, kuma kullum raguwa suke yi. Sharaɗi ɗaya zan gindaya masa: kada ya yanke wanda ya yi kisan kafin ya zauna da mutanen ɓangarorin biyu, ya ci tuwonsu ya ci sakwararsu.

Na ga shugaban taro yana duban agogo, ga kuma ƙamshin abinci yana shigowa ta taga. Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba garinmu zaman lafiya.